Sabon rediyo ko ɗan Bluetooth na ramin kunna sigari?

Masu tsofaffin motocin gudu a Yamai, irin su Golf GTI da Toyota Celica, sun sha tambayata: a cire rediyon kaset a sa sabo, ko a sayi ɗan Bluetooth ɗin da ake sokawa a ramin kunna sigari?

Wajen kuɗi da sauƙi, ƙaramin ne a gaba. Ka soka, ka haɗa da salula, shi ke nan. Sai dai ta zangon FM yake tura sauti, kuma Yamai cike take da gidajen rediyo. Kana cikin jin waƙa sai wata tasha ta kutso da ƙara.

Sabon rediyo, Pioneer ko Sony, sautinsa garau ne, ya kuma fi daɗewa. Auna ramin rediyon tukuna: in faɗinsa milimita 180 ne, tsayi 50, babban allo ba zai shiga ba sai an yanke gaban mota. Ni ban yarda da yankan nan ba, yana karya darajarta. Haɗarin yana wajen wayoyi. Rawaya ta baturi ce, ja ta makulli. In mai gyara ya ɗaure duka biyun a baturi, rediyon zai yi ta shan baturin ko mota na kashe, wata safiya sai turi. Ga robar wayoyin, zafi ya riga ya busar da ita, don haka kada a tsallake fiyus.

Mai shirin sayar da mota, ko mai son ta zauna yadda ta fito, ƙaramin ya ishe shi. Mai yawan bin hanyar Dosso zuwa Tawa, ya nemi ƙwararren mai lantarkin mota ya sa masa sabo.