Wasiƙa Daga Manchesta: Laburaren Unguwarmu

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya ɗalibanka? Ka tambaye ni abin da ya fi burge ni a Ingila, na san kana jiran in ce jirgin ƙasa ko wutar da ba ta ɗaukewa. To, laburare ne.

Ranar da na fara shiga na unguwarmu, fom na je bugawa, don an ce suna da firinta. Na shiga ina sanɗa kamar yadda muka saba a gida, sai na ji waƙa da tafi. Iyaye ne zaune a kan kafet, kowa da jariri a cinya, wata ma'aikaciya tana karkaɗa 'yar tsana tana rera waƙar yara. Wallahi na ɗauka ƙofa na ɓata. Ashe duk mako ake yi, rabin awa, ba a biyan ko sisi. Da mako ya zagayo na ɗauko auta muka zauna. Waƙoƙin ban iya ko ɗaya ba, baki kawai nake motsawa, amma a kan kafet ɗin nan na yi ƙawata ta farko a garin, wata 'yar Somaliya.

Katin aro kyauta ne, har jariri ana yi masa nasa. Wanda ya fi kama ni shi ne shirin dogon hutu. An fara shi a 1999, wata ƙungiya mai suna The Reading Agency ce ke gudanar da shi, ana yi a dakunan karatu a faɗin Birtaniya: yaro ya karanta littafi shida kafin a koma makaranta, a ba shi lambar yabo da satifiket. 'Yarka babba, wadda ka sani sai da faɗa take buɗe littafi, ita ce ta riƙa jan gyalena mu je a sauya wani. Duk wanda ta gama sai wani matashi ɗan sa-kai ya zaunar da ita ya ce ta ba shi labarin. Lambar roba ce fa da zare, amma har yau tana rataye a kan gadonta, ba mai taɓawa.

Manya ma ba a bar mu ba. Akwai zaman hirar Turanci don baƙi, akwai masu koya wa tsofaffi kwamfuta da cike fom a intanet, akwai masu gyara wa mutum takardar neman aiki. Maigida a can ya ari littafin jarrabawar zama ɗan ƙasa, mai tambaya 24 da sai ka ci 18. A hunturun 2022, da kuɗin gas da wuta suka yi tashin gwauron zabi, dakunan karatu da yawa sun zama wurin shan ɗumi. Mutum ya shigo ya wuni, ba wanda zai tambaye shi me ya kawo shi.

Abin ya daɗe. Tun 1850 majalisarsu ta yi dokar da ta ba garuruwa damar buɗe laburare da kuɗin haraji, Manchesta ta buɗe nata a 1852. Dokar 1964 kuma ta wajabta wa ƙananan hukumomi samar da shi. Babban laburaren garin, wani zagayayyen gini a dandalin St Peter's, an buɗe shi a 1934, aka gyara aka sake buɗewa a 2014. Ɗakin karatunsa na sama shi ne irin wanda muka sani, tsit, tari ma sai ka ji kunya.

Kada ka ɗauka aljanna ce. Kyautar nan mu muke biya, cikin harajin da kansil ke karɓa kan kowane gida, kuma yana da ciwo. Daga 2010 zuwa 2019 an rufe kusan rassa 800 saboda tsuke bakin aljihu, wasu kuma 'yan sa-kai ke riƙe da su. Buga takarda sai ka biya. A namu reshen na ga littattafan Urdu da Larabci, na Hausa ko ɗaya ban gani ba.

A gida, laburare wurin mai jarrabawa ne. Ka zo da takardunka, ka nemi kujera, ka yi shiru, yaro kuwa tun daga ƙofa ake kora shi. Ni dai a ganina ba gini suka fi mu ba, jadawali suka fi mu: an ce Talata ƙarfe goma, to Talata ƙarfe goma ne, ko mutum biyu suka zo. Tatsuniya kam ai ba su kama ƙafarmu ba. Matar nan mai 'yar tsana, da za ta ji Inna tana ba da labarin Gizo da Ƙoƙi, ajiye aikin za ta yi.

Shi ya sa nake ta tuna ɗakin nan na makarantarku da ka ce littattafai na cin ƙura a ciki. Ka roƙi hedimasta makullin, ko awa ɗaya ce ranar Asabar, a shimfiɗa tabarma a kira yaran unguwa. Nan sukan sayar da tsofaffin littattafan da suka cire daga kanta da arha, na fara tara na yara a kwali. Duk wanda zai zo gida zan ba shi ya kawo maka.

A gaida Inna, a ce mata jikokinta suna gaishe ta.

Ƙanwarka.