Impact Factor ko CiteScore: wanne malami zai duba?

Malamin jami'a a Kaduna mai neman ƙarin girma sai ya san darajar mujalla kafin ya tura mata bincikensa.

Impact Factor ma'aunin darajar mujalla ne na kamfanin Clarivate, ana fitar da shi tun 1975. Yana ƙirga yadda aka kafa hujja da maƙalun da mujallar ta buga a shekaru biyu da suka wuce. Wannan ya yi wa masu nazarin tarihi da harshe kaɗan, domin maƙalarsu takan daɗe kafin a waiwaye ta. Ga tsadar rajista kafin ka gan shi.

Ma'aunin CiteScore na kamfanin Elsevier kuwa ya zo a 2016, yanzu shekaru huɗu yake dubawa, kuma kyauta ne: da waya da 'yar data ka gan shi a shafin Scopus, rumbun bayanan mujallu na Elsevier. Shi na fi so wa malamanmu, ko da yake yawancin mujallun gida ba sa cikin ko wanne.