Sojojin Hesse na Perry Miniatures: kaya sun yi, amma ka san rundunarka kafin ka saya

Masu tambaya ta ko 'yan mutum-mutumin sojojin Jamus na wasan yaƙi a kan tebur na kamfanin Perry Miniatures sun cancanci kuɗinsu, amsa a taƙaice eh sun cancanta. Na dalma ne, tsayin milimita 28, mutum shida a fakiti idan sojan ƙasa ne, kuma kamfanin na tagwayen nan ne Alan da Michael Perry da ke Nottingham a Ingila, waɗanda suka daɗe suna sassaƙa wa kamfanin wasannin yaƙi na Games Workshop kafin su maida hankali kan nasu. Hannunsu ba ya ɓuya wallahi, jikin sojan daidai yake da na mutum, ba ƙaton kai ba ƙaton hannu, kuma bindigar siririya ce kamar ta gaske.

To amma fa kar ka ga hoto ya burge ka kawai ka danna oda. Jamusawan da suka yi wa Birtaniya yaƙi a Amurka lokacin yaƙin neman 'yancin kanta tsakanin 1776 da 1783 sun kai wajen dubu 30, kuma ba daga wuri ɗaya suka fito ba, ƙananan masarautu shida ne suka bada hayar su, Hesse-Kassel ta Friedrich na biyu ita ta bada fiye da rabi, sai Brunswick, Hesse-Hanau, Ansbach-Bayreuth, Waldeck da Anhalt-Zerbst. Sarakunansu ne suka ƙulla yarjejeniya da Birtaniya suka karɓi kuɗi, runduna guda ake ɗagowa da hafsoshinta da tutarta da kakinta, shi ya sa kowace da irin shigarta. Ko a cikin Hesse-Kassel ɗin ma hula kaɗai ta isa ta raba maka su, akwai masu hula mai kusurwa da farin baki, akwai fusiliya masu gajeriyar hular ƙarfe, sannan giranadiya masu doguwa mai tsini. Perry sun ware kowanne a fakitinsa, wannan ya yi kyau, sai dai nauyin sanin wanda kake buƙata yana kanka.

Ni yaƙin Trenton nake haɗawa, na 26 ga Disamba 1776, ranar da Washington, jagoran sojojin Amurka, ya tsallako kogin Delaware cikin dare ya far wa sojojin Hesse da ke garin Trenton da safe, aka kama kusan mutum 900, shi kuma kwamandansu Kanal Johann Rall aka harbe shi ya mutu daga baya. Runduna uku ce a garin, ta Rall ɗin giranadiya ce, ta Lossberg da ta Knyphausen kuma fusiliya. Duk kwat ɗinsu shuɗi ne mai duhu irin na sojojin Prussia, bambancin yana a bakin hannu: Rall ja, Lossberg ruwan goro, Knyphausen baƙi. Kenan idan Trenton kake so, masu hula mai kusurwa ba su ne za su cika maka layi ba.

Inda kayan suka fi burge ni hular ƙarfen nan ce. Zanen da ke gaban hular ya fito da zurfi sosai, ba sai kana da hannun gwani ba, ka shafa fentin tagulla ka bari ya bushe, ka bi shi da ruwan fenti ƙasa-ƙasa tsinkakke, shi da kansa zai gangara cikin ramukan ya fito da zanen, sai ka ɗan goga tagulla mai haske a sama da busasshen burushi shi kenan. Daga nesa a kan tebur layinsu sai ƙyalli yake kamar jeren kwalla a ɗakin amarya. Haka ɗamarar fata fara da ke gilma ƙirji, ta taso sama yadda burushi zai bi ta ba tare da ya zame ba, gashin bakin giranadiya ma ya fito, da doguwar jelar gashin nan da suke ɗaurewa a baya. Shuɗin kuwa na yi amfani da fentin Prussian Blue na kamfanin Vallejo a kan baƙin shafin farko, kar ka haska shi da yawa, in ya yi haske sai su koma kamar dakarun doki na Brunswick, waɗanda su kam shuɗinsu mai haske ne da bakin hannu rawaya, su ne suka yi yaƙin Bennington a 1777 a ƙafa saboda babu isassun dawakai.

'Yan Jäger ma sun yi, kwat kore da bakin hannu ja, gajeriyar bindiga mai saiti babu banati, wasu a durƙushe wasu suna ɗura harsashi. Maharba ne da masu gadin daji aka fi ɗauka, irin su Kyaftin Johann Ewald ya jagoranta, kuma fakiti ɗaya ko biyu ya ishe ka tunda ba layi suke ja ba, watsuwa suke a gaba.

Abin da za ka shirya masa, dalma dalma ce ko ta wane kamfani, sai ka zauna da reza da ƙaramin magagari ka kankare ɗan saura da ke maƙalewa a gindin bindiga da gefen hula, ka wanke su da sabulu kafin fenti in ba haka ba fentin ba zai kama ba, kuma banati yana lanƙwashewa in ka jibga su a kwali ɗaya. Sannan tsada, dalma ta fi roba kuɗi nesa ba kusa ba, ga nauyi, kuɗin aikowa daga Ingila zai iya cin rabin abin da ka ware. In wasanka ƙarami ne irin tsarin wasan yaƙi na Sharp Practice da mutum arba'in zuwa sittin sun isa, sayi dalma kai tsaye. In kuwa babban wasa irin Black Powder ne kake son bataliya biyar shida, gara ka cike layin da na roba ka bar Perry ga hafsoshi, masu ganga da giranadiya.