Sharhi kan asibitin dabbobin da na kai yasasshen toron agwagwa

Ga mai tambaya ko ya dace a ɗauki agwagwa ɗaya tal a kai ta asibitin dabbobi har a biya kuɗin ganin likita, ni dai na ce ya dace, amma da sharaɗi: a tabbata likitan aka gani da kansa, ba yaron kanta ba. Wurin da nake magana a kai ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa a nan Zariya. Gabansa shago ne na magunguna da abincin kaji, ɗakin duba dabbobi yana daga baya. Yawancin masu zuwa masu gidajen gona ne da masu kiwon raguna, don haka mace da kwali a hannu sai da ta sha kallo.

Abin da ke cikin kwalin matashin toro ne, irin agwagwarmu ta gida mai jan tsiro a fuska, wadda ba ta kuka sai huci. Wasu 'yan haya ne a maƙwabtanmu suka tashi suka bar shi ɗaure da igiya a bayan banɗaki, a kan siminti, daga shi sai wani gwangwani da ragowar dusar masara ta bushe a ciki. Mai gidan ya ce in ɗauka in ina so. Ƙashin ƙirjinsa ya fito, gashinsa ya cukurkuɗe da kashi, idanunsa na kumfa, in ya miƙe sai ƙafafun su yi rawa ya koma ya zauna. Tafin ƙafarsa ta dama ya kumbura, da wani baƙin ɓawo a tsakiya.

Abin da ya fara burge ni shi ne tambayar da likitan ya yi tun bai taɓa shi ba: "Hajiya, akwai kaji a gidan?" Na ce akwai. Ya ce to a ware shi nesa da su na wata guda, kwanon ci da na sha daban, a riƙa wanke hannu bayan an taɓa shi, domin agwagwa tana iya ɗauke da murar tsuntsaye ba tare da ta nuna alama sosai ba, kaji kuwa sai dai a wayi gari a kwashe gawa. Wanda ya yi kiwo a yankin nan ba sai an yi masa dogon bayani ba. A wata gona da ke Jaji, kan hanyarmu ta zuwa Kaduna, aka fara tabbatar da nau'in murar tsuntsaye mai suna H5N1 a watan Fabrairun 2006, karo na farko a nahiyar Afirka.

Aikin ƙafar a gabana aka yi shi. Ya jiƙa ta a ruwan ɗumi mai gishiri har ɓawon ya yi laushi, ya goge da aidin, sannan ya ɗaga shi da ɗan hantsaki. Na zaci mugunya za ta kwararo kamar yadda take yi a marurun mutum, ashe ta tsuntsu daskarewa take yi. Wani dunƙule ya zaro, fari-fari mai tauri, kamar awarar da ta kwana a waje. Toron yana ta huci yana yagar tawul da faratansa, yaron asibitin ya danne fukafukan. Likitan ya wanke ramin, ya sa man shafawa, ya naɗe da bandeji ta yadda fatar da ke tsakanin yatsu ba ta naɗe ba, ya kuma sa na gwada naɗin da hannuna kafin in tafi. Bayaninsa shi ne tsayuwa a kan siminti mai kaushi da jiƙaƙƙen kashi ke tsaga tafin, ƙwayar cuta ta samu ƙofa. Idan ba a sauya shimfiɗa ba, ciwon zai dawo ko an yi allura. Ɓuntun shinkafa ya ce in zuba da kauri, in riƙa kwashe wanda ya jiƙe.

Rawar ƙafafun kuwa ba daga ciwon tafin take ba, kuma a nan ne nake ganin kuɗina ya yi amfani. Agwagwa mai tasowa tana bukatar sinadarin niyasin, wato bitamin B3, fiye da kaza, kimanin miligiram 55 a kowane kilo na abinci. Masara tana da shi amma a ɗaure yake, jikin tsuntsu ba ya iya ɗiban na kirki. Wanda aka raina da dusar masara zalla, ba a barinsa ya fita ya tsinci ƙwari da ganye, ƙafafunsa ne ke fara nunawa. Ya rubuta ruwan bitamin B a riƙa ɗigawa a ruwan sha, da abincin kaji na girowa, wato na masu tasowa, a jiƙa shi ya yi damshi, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa tun da cikinsa ya saba da yunwa. Ya hana na leyas, wato na kajin ƙwai, saboda sinadarin ƙashin da ake ƙara wa masu ƙwai ya yi wa namiji yawa, yana wahalar da ƙoda. Ganyen zogale, latas da alayyafo yankakku ya ce a watsa masa a ruwa. Ya ɗora shi a sikeli kafin ya auna maganin tsutsar ciki, abin da ban saba gani ana yi wa tsuntsu ba.

Da na ce ina da tunkuza a gida, ai gyaɗa tana gina jiki, sai ya ce haka ne, har niyasin ɗin tana da shi, amma in duba ta da kyau. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar aflatoksin, kuma 'ya'yan agwagwa suna cikin tsuntsayen da ta fi saurin lalata wa hanta. Wannan guba ma ta dalilin kiwo aka gano ta, bayan da talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Brazil. Mu da muke ajiye buhu a ƙasa da damina, maganar ta shafe mu.

Idanun da gashin, ruwa ne maganinsu. Ba tafki ba, bokitin da zai iya tsoma kansa duka ya fyace hancinsa ya wanke ido. Wanka a baho sai da ƙafar ta rufe, kuma da rana tsaka, a tsaya a kansa, domin gashin da ya rasa maiƙonsa yana shan ruwa, tsuntsun ya jiƙe har fata sanyi ya kama shi. Akwai wani ɗan ƙullutu a gindin wutsiya da yake matso mai da baki yana shafe jikinsa. Da ya soma samun ruwa mai tsabta ya koma wannan gyaran da kansa. Kwata kuma an hana shi sam, duk da cewa mun saba ganin agwagi a cikinta har muna ɗauka can ne gidansu. Ruɓaɓɓen ruwa yana kawo ciwon da ke sa wuyansu ya langaɓe.

Yanzu ga inda wurin ya gaza. Da na fito biyan kuɗi, yaron kanta ya jero min ƙunshin magungunan kashe ƙwayoyin cuta kala-kala waɗanda babu su a takardar likita, yana cewa "ai sai an haɗa da waɗannan, Hajiya." Na ce a'a, sai ya ɓata rai. Wanda bai iya karanta rubutun likita ba, da ya biya. Irin wannan ɗirka wa tsuntsaye magani ba gaira ba dalili shi ke sa maganin ya daina ci ranar da ake bukatarsa. Sannan ma'aunin da ke jikin ƙunshin duk na manyan gonaki ne, gram kaza a durom na ruwa. Mai tsuntsu ɗaya sai ya koma ciki ya roƙi a lissafa masa a cokali, kuma sai da na nema aka rubuta min. Abincin ma buhu mai kilo 25 suke so ka ɗauka. Na awo yana nan, amma daga buɗaɗɗen buhu ake ɗiba, babu ranar da aka yi shi, sai dai ka shinshina ka murza a tafin hannu. Abin da ya fi damuna shi ne teburin dubawa: an sauke rago mai zawo, aka goge da tsumma kawai. Asibitin da ya fara yi min huɗubar keɓewa bai kamata a roƙe shi ya fesa magani ba.

Kuɗin gaba ɗaya ya haura abin da zan sayi lafiyayyen toro da shi a kasuwar Sabon Gari, kuma maigidana bai fasa tuna min da haka ba. Wanda lissafin riba ya kawo shi, wannan ba hanyarsa ba ce. Amma toron ya tashi: yana taku daram, ƙirjin ya cike, tsiron fuskar ya yi ja, yana wuni yana cafke ƙudaje a bakin turken awaki. Likitan ya faɗa min tun farko cewa da zarar fukafukan sun dawo zai fara hawa katanga, domin asalin irinsu tsuntsayen daji ne na Meziko da Kudancin Amurka masu kwana a kan itace, shi ya sa suke da farata. Haka kuwa aka yi, sai da muka rage gashin fiffike ɗaya da almakashi.

Zan koma wurin in bukata ta taso, kuma zan tura wani. Sai dai a je da safe kafin masu raguna su cika layi, a tafi da tawul na kai don shimfiɗawa a teburin, a sa likita ya rubuta ma'aunin kowane magani a cokali ko sirinji, a kuma tambaye shi kwanakin da za a jira bayan magani kafin a ci ƙwai ko a yanka.