Deutschlandticket: sharhi kan tikitin da ɗalibi ke yawo da shi a Jamus

Na yi amfani da wannan tikiti a bas, a jirgin ƙarƙashin ƙasa da kuma jiragen da ke haɗa gari da gari, kuma hukuncina a kansa a fili yake: a cikin duk abin da ɗalibi ke kashe wa kuɗi a Jamus, da wuya a sami wanda kwalliyarsa ke biyan kuɗin sabulu kamar shi. Sai dai yana da ƙa'idoji 'yan kaɗan waɗanda in baƙo bai san su ba, zai yi asarar kuɗin da ya fi na tikitin kansa, kuma abin yana ba ni takaici domin asara ce da bayani na minti biyar zai hana.

An fara sayar da shi don amfani daga 1 ga Mayun 2023 a kan Yuro 49 a wata, bayan gwajin tikitin Yuro 9 da aka yi na wata uku a 2022. A Janairun 2025 ya koma Yuro 58, a Janairun 2026 kuma Yuro 63. Da shi kana shiga bas ɗin cikin gari, da taram mai bin layin dogo a kan titi, da U-Bahn (jirgin ƙarƙashin ƙasa), da S-Bahn (jirgin birni da kewayensa), da jiragen yanki masu alamar RB da RE, a ko'ina cikin jihohin ƙasar 16, sau nawa ka ga dama. Kafin zuwansa kowane yanki da nasa tsarin farashi da nasa shiyyoyi, har ɗan ƙasa ma yakan tsaya gaban na'urar sayar da tikiti yana sosa ƙeya. Yanzu ka shiga kawai. Tikitin tafiya ɗaya a manyan birane ya haura Yuro 3, saboda haka wanda ke zuwa makaranta ya dawo ya mayar da kuɗinsa cikin kwana goma, sauran watan riba ce.

Kafin ka sa hannu a aljihu, duba ko ka riga ka biya. Jami'o'i da yawa sun shigar da shi cikin kuɗin zangon karatu da ake biya wajen rajista, da sunan Deutschlandsemesterticket, a kan kashi 60 cikin 100 na farashin kowa. Ya fara a Yuro 29.40 a wata, daga zangon hunturu na 2025 ya zama Yuro 34.80. Ba ya zuwa da kansa: sai ka shiga shafin da makaranta ta nuna da bayanan shigarka na ɗalibi, ka kunna shi, sannan ya bayyana a wayarka. Sababbin zuwa da dama sukan sayi na Yuro 63 alhali nasu yana nan yana jiran su. A jihar Bavaria tsarin daban ne, can ɗalibi ne ke sayen nasa da kansa da rangwamen Yuro 20.

Wanda makarantarsa ba ta cikin tsarin, ko yake ajin koyon Jamusanci tukuna, a nan ne ya kamata ya buɗe kunne. Wannan ba tikiti ba ne da za ka saya ya ƙare shi ke nan. Yarjejeniya ce mai sabunta kanta duk wata, ana cire kuɗin daga asusunka har sai ka ce a daina, kuma faɗin a daina yana da rana: 10 ga wata. In ka soke ranar 10 ko kafin nan, yarjejeniyar ta ƙare a ƙarshen wannan watan. In ka kai ranar 11, ka sayi wata mai zuwa ke nan, ko kana Jamus ko kana Kano wajen hutu. Abin da ya fi cin mutane shi ne saye a tsakiyar wata. Ka sauka ranar 15 ga Satumba, ka saya a DB Navigator, manhajar kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, za ka biya kuɗin Satumba cikakke duk da rabinsa ya wuce, domin watan kalanda yake bi ba kwana talatin daga ranar saye ba, kuma tunda 10 ga wata ta wuce, Oktoba ma ya hau kanka. Ranar 1 ga Oktoba kuwa ita ce ranar da zangon hunturu ke farawa a yawancin jami'o'i, wato in makarantarka na cikin tsarin, ranar ce tikitinta ke fara aiki. Ka biya abu ɗaya sau biyu. Akwai masu sayarwa da ke ba da damar sokewa har kusan ƙarshen wata, shi ya sa ya dace ka karanta sharaɗin sokewa na manhajar kafin ka danna, tunda tikitin iri ɗaya ne ko a wajen wa ka saya, a Hamburg ko a Munich.

Biyan kuɗin ma yana da nasa ƙulli ga sabon zuwa. Yawancin masu sayarwa suna son lambar IBAN, wato lambar asusun banki, domin su riƙa cirar kuɗin da kansu, wasu har sukan bincika tarihin bashin mutum, wanda baƙon mako ɗaya ba shi da shi. Asusun banki kuma sau da yawa sai ka yi rajistar adireshi a ofishin gari, wadda doka ta ba ka kwana 14 bayan tarewa. A wannan tsakanin nemi manhajar da ke karɓar katin Visa ko Mastercard. Idan asusun ya samu, ka lura da ranar cirewa. Kuɗin rufaffen asusun nan da ake ajiyewa don biza, Yuro 992 a wata, ba koyaushe yake faɗowa ranar 1 ga wata daidai ba. In aka zo cira aka tarar babu, banki zai mayar da buƙatar, a ɗora maka kuɗin mayarwa, wani lokaci a toshe tikitin. Ka riƙa barin abin da ya kai kuɗinsa a asusun tun ƙarshen wata.

Sai batun jirgin da ba naka ba. Tikitin ba ya aiki a jiragen dogon zango, wato ICE, IC da EC, haka ma jirage da bas-bas na kamfani mai zaman kansa, FlixTrain da FlixBus. A tasha ɗaya, a dandamali ɗaya, farin jirgi mai jan layi zai tsaya, allo ya nuna sunan garin da za ka, ƙofa ta buɗe, babu wanda zai tare ka, domin tashoshin Jamus ba su da shingen shiga. Sai jirgi ya ɗauki hanya mai duba tikiti ya iso. Kada ka dogara da launi, jiragen yanki ma ba duka ne ja ba, kamfanoni daban-daban ke tafiyar da su, akwai rawaya akwai shuɗi. Haruffan da ke gaban lambar jirgi za ka karanta. Mafi sauƙi shi ne ka kunna zaɓin jiragen kusa kawai a DB Navigator, wanda aka rubuta Nur Nahverkehr, daga nan ba za ta nuna maka abin da ba za ka iya shiga ba. A cikin jirgin yankin ma ka duba lambar da ke jikin ƙofa ko kujera: 2 taka ce, 1 ta masu tikitin aji na ɗaya ce, kuma zama a can laifinsa ɗaya da rashin tikiti.

Tarar Yuro 60 ce. Tikitin na mutum ɗaya ne da sunansa a jiki, ba a ara wa aboki, kuma dole ka riƙe shaidar hukuma mai hoto, fasfo ko katin izinin zama. Hoton allon waya da ka ɗauka ba tikiti ba ne a wajen masu dubawa da yawa, lambar da ke cikin manhajar suke so su haska. Waya ta mutu, a idonsu ba ka da tikiti. Abin da mutane ba su sani ba shi ne wannan yana da magani: karɓi takardar da aka rubuta maka, ka kai ta ofishin kamfanin ko shafinsu cikin wa'adin da ke jiki tare da shaidar cewa tikitinka yana aiki a ranar, yawanci sai tarar ta koma Yuro 7. Abin da ba shi da magani shi ne jefa takardar a aljihu a manta. Wasiƙu za su biyo, kuɗi ya ƙaru, kuma shiga mota babu tikiti da gangan laifi ne a dokar ƙasar, ba abin da mai zama da biza zai so a rubuta a gaban sunansa ba. Sanyin hunturu yana shanye batir da sauri, saboda haka ƙaramin abin cajin tafi-da-gidanka a jaka ya zama dole. In mai sayarwar yana ba da kati na roba, ni shi na fi so.

Inda tikitin ya fi burge ni shi ne abubuwan da ba ka zata suna ciki ba. Jiragen ruwan tashar Hamburg, irin layi na 62 da ke bin kogin Elbe, suna ciki. Jirgin Wuppertal da ke tafiya a rataye a saman kogi yana ciki. Daga filin jirgin sama na Frankfurt layukan S-Bahn na S8 da S9 za su kai ka cikin gari, daga na Munich S1 da S8, babu ƙarin ko sisi. Jirgin RE6 yana ɗaukar ka daga Hamburg har tsibirin Sylt cikin kimanin awa uku. Har ƙetare iyaka yana yi a wasu layuka, zuwa Salzburg a Ostiriya ko Venlo a Holan, sai dai ka ɗauki fasfo da izinin zamanka. Ɗalibin da aka jefa ƙaramin gari inda babu shagon kayan Afirka ko mahaucin halal, ranar Asabar zai shiga jirgi ya je babban birni ya sayo garin masara da manja da busasshen kifi ya dawo, ranar Juma'a kuma ya je sallah a masallacin da ya fi masa. Haya ma tana sauƙi, domin kana iya kama ɗaki a ƙauyen da ke minti 40 daga makaranta ba tare da kuɗin mota ya cinye rangwamen ba.

Doguwar tafiya kuwa, gaskiya ita ce abin da ka rage a kuɗi za ka biya shi da lokaci. Berlin zuwa Munich awa huɗu ne da ɗoriya a ICE, a jiragen yanki kuwa ka ware awa tara zuwa goma da sauyi da yawa. Kowane sauyi wuri ne da tafiya ke iya wargajewa. Manhaja za ta ba ka minti biyar tsakanin jirgi da jirgi, na farko ya makara da minti bakwai, na biyu ba ya jira, na gaba sai bayan awa ɗaya. Ka shiga saituna ka ƙara lokacin sauyi zuwa minti 15 ko 20, kuma kada ka tsara tafiyarka a kan jirgin ƙarshe na dare, domin ƙananan tashoshi ba su da ɗakin jira mai ɗumi. Idan ka ga SEV a allo, ana gyaran layi ne, bas zai maye gurbin jirgi, tikitinka yana aiki a cikinsa, amma inda yake tsayawa yakan kasance a wajen tasha sai ka bi alama. Wasu jiragen kuma sukan rabu biyu a hanya, gaba ya nufi wani gari baya ya nufi wani, don haka karanta abin da ke rubuce a jikin taragon da kake ciki, ba na dandamali kaɗai ba. Babu kama kujera a mafi yawansu. Yammacin Juma'a da Lahadi, musamman da zafi, za ka iya yin awa biyu a tsaye tsakanin kekuna da akwatuna, kuma ba mamaki ka tarar bayin jirgin a kulle. Na tasha kuma biya ake yi, wajen Yuro 1. Mai son alwala ya yi ta tun daga gida ko a babbar tasha, ya ɗauki ruwa da guzuri, don ranar Lahadi shaguna a rufe suke in ban da na manyan tashoshi.

Abin da na fi ƙi a tsarin shi ne haƙƙin fasinja idan an makara. Diyyar Yuro 1.50 ce a kan kowace makarar da ta kai awa ɗaya, kuma ba a biya sai ta taru ta kai Yuro 4. Ba ka da damar tsallakawa cikin ICE don jirginka ya makara, domin an lissafa tikitin cikin masu babban rangwame. Haka nan in ka sayi tikitin ICE mai araha daban, ka taho tashar da Deutschlandticket, jirgin yankin ya makara ICE ya tafi, tikitin ICE ɗin ya ƙone, domin yarjejeniya biyu ce daban. Saboda haka duk ranar da kake da alƙawarin da ba ya ɗaguwa, jarrabawa, ko jirgin sama zuwa gida, ko sabunta fasfo a ofishin jakadancin Najeriya da ke Berlin ko ƙaramin ofishin Frankfurt, sayi tikiti ɗaya tun daga tashar garinku har inda za ka, ko ka tafi tun jajibiri ka kwana a can. In an saya da makonni a gaba, ana samun kujerar ICE a ƙasa da Yuro 30.

Keke ba ya cikin tikitin, kowace jiha da ƙa'idarta, wani wuri kyauta ne a wasu sa'o'i, wani wuri sai ka saya masa nasa. Yaro ɗan ƙasa da shekara shida yana bin iyayensa kyauta, wanda ya kai shida sai da nasa. Ƙofar jirgi ba ta buɗewa da kanta sai ka danna maɓallin da ya yi haske, bas kuma ba ya tsayawa a tasharka sai ka danna jan maɓallin da ke jikin ƙarfe kafin a iso.