Kwalejin Ilimi ko Jami'a: Ina Mai Son Koyarwa Zai Nufa?

Idan lokacin cike fam ɗin JAMB ya zo, gidaje da yawa kan ɗauki kwalejin ilimi a matsayin wurin da ake zuwa in maki bai kai na jami'a ba. Ga yaron da da gaske alli yake son riƙewa, wannan lissafin bai yi ba.

A kwaleji shekara uku ake yi a karɓi takardar shaidar malanta ta NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar da tsarin ilimin Najeriya ya yarda mutum ya shiga aji da ita. Kuɗin makaranta da sauƙi, kuma sau da yawa kwalejin tana kusa da gida, abin da ke da muhimmanci ga 'ya mace ko matar aure. Amma abin da ya fi burge ni shi ne aikin gwajin koyarwa, wanda ɗalibai ke kira TP. Zango guda cur ake tura ɗalibi wata firamare ko ƙaramar sakandare. Zai kwana yana rubuta tsarin darasi, da safe ya tsaya gaban aji cike maƙil, wasu a benci wasu a ƙasa, malaminsa na kwaleji na zaune a baya yana duba yadda ya raba allo, yadda ya jefa tambaya, da abin da ya yi lokacin da 'yan baya suka fara surutu. A nan ake gane malami. A jami'o'i da dama makonni kawai ake ba wannan aiki.

Ita ma jami'a tana da nata. Wanda ya yi digirin ilimi a Bayero ko Ahmadu Bello shekara huɗu zai yi, ya tafi hidimar ƙasa, ya fara aikin gwamnati a matakin albashi na 8, alhali mai NCE a na 7 yake farawa. Ya kuma fi zurfi a fannin da zai koyar, don haka babbar sakandare ta fi dacewa da shi. Sai dai a ajin farko na babbar jami'a, malami zai iya gama zango bai san sunanka ba.

Ni dai da za a nemi shawarata, mai son firamare ko ƙaramar sakandare ya fara da kwaleji. Ƙofar digiri ba ta rufe masa ba: da sakamako mai kyau zai shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu, kuma dokar da aka sa wa hannu a 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu. Abin da ya kamata ya natsu a kai shi ne haɗin darussan da zai zaɓa. Lissafi, kimiyya da Turanci ana neman malamansu ruwa a jallo, kada ya karɓi duk haɗin da aka cusa masa don kawai a ce ya samu gurbi.

Wanda ya riga ya fara aiki, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, tana karatun ƙarshen mako. Mai digiri a wani fanni kuwa PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, ce hanyarsa.

Kafin a biya ko sisi, musamman a kwaleji mai zaman kanta, a tabbatar hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin kansa, domin akwai waɗanda suka ɓata shekara uku suka fito da takardar da ba ta karɓuwa. A tambayi 'yan ajin ƙarshe ko ana zuwa duba su a wurin TP, ko kuwa maki kawai ake rubutawa daga ofis. Bayan an gama kuma akwai jarrabawar hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda sai an ci ta ake samun lasisin koyarwa, ko daga kwaleji mutum ya fito ko daga jami'a.