Na zo kallon harbe-harbe, na tashi jikina a sanyaye

Wani abokina ne ya matsa mini in kalli Devotion, fim a kan matuƙan jiragen yaƙin Amurka a Yaƙin Koriya. Ya ce in dai na ji daɗin fim ɗin jiragen yaƙin nan na Tom Cruise, to wannan ma zai yi mini, tunda Glen Powell ya fito a duka biyun, kuma duk a 2022 suka fita. Da wannan zaton na zauna. Wallahi an ci kusan rabin fim ban ga yaƙi ba, sai atisayen sauka a kan jirgin ruwa, sai yawon Cannes ta Faransa inda matuƙan suka haɗu da tauraruwar fim Elizabeth Taylor. Ƙanena da muka fara tare tun a nan barci ya kwashe shi. Ni ma sau biyu ina kai hannu zan kashe.

Abin da ya riƙe ni shi ne Jesse Brown a gaban madubi. Shi ne baƙar fata na farko da ya zama matuƙin jirgin sama a rundunar sojin ruwan Amurka. Yana da ɗan littafi da ya rubuce duk zagin da fararen fata suka taɓa yi masa, sai ya tsaya yana maimaita wa kansa, ido cike da ƙwalla, sannan ya fita ya hau jirgi. Jonathan Majors ya taka wurin nan har na manta ɗan wasa ne.

Sai ga 4 ga Disamba 1950, a tsaunukan da ke kewaye da tafkin Chosin a Koriya ta Arewa. Aka harbi jirgin Jesse, mai ya tsiyaye, ya faɗo cikin dusar ƙanƙara, ƙafarsa ta maƙale. Tom Hudner, matuƙin da suke tashi tare, yana shawagi ya hango abokinsa da sauran rai. Ba wanda ya umarce shi, da gangan ya kifar da lafiyayyen jirginsa a bayan abokan gaba. Jirgi mai saukar ungulu ya zo da gatari, suka yi ta sara, ƙarfe ya ƙi. Duhu ya kawo jiki, dole suka tafi suka bar shi. Shekararsa 24, ga matarsa Daisy da ƙaramar 'yarsu a gida. Na tsayar da fim ɗin, na daɗe ban ce uffan ba. Kuma ba ƙirƙira ba ce, haka abin ya faru. Shugaba Truman ya ba Hudner lambar jarumta mafi girma a 1951, kuma a 2013, yana tsoho tukuf, Hudner ya koma Koriya ta Arewa neman gawar abokinsa, bai samu ba.

Amma fa da na natsu sai haushina ya dawo. Lokacin da aka ɓata a Cannes, me ya hana a nuna mana yadda Jesse ya taso a Hattiesburg ta Mississippi, ɗan manomi talaka? Sojojin Sin da na Koriya kuwa ko fuska ba a yi musu ba, ana ta zuba musu wuta kamar ba uwa ce ta haife su ba. Wannan ya tsaya mini a rai.

Duk da haka na tashi ƙanena da safe na ce sai ya ƙarasa, ni ma na zauna muka sake kallon wurin gatarin tare.